Kati 180 muka raba, mutum 22 ne kawai suka faɗi adadin masu zuwa

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min da shawara kafin kaina ya fashe. Saura kwana 19 bikin ƙanwata. Mun raba kati 180, zauren da muka kama kujera 300 yake ɗauka, kuma masu wurin sun ce ko ɗaya ba za su ƙara ba. Mai girki ta ce lallai mu ba ta adadi na ƙarshe kwana 10 kafin ranar, ka ga kenan kwana 9 ya rage min.

A jikin katin mun rubuta a sanar da mu idan za a zo. Daren jiya na zauna da biro na ƙirga. Amsa 64 muka samu. A ciki 22 ne suka ce za su zo kuma suka faɗi su nawa ne. 31 sun rubuto "Allah ya sanya alheri" ko "in sha Allah". 11 kuwa hoton zuciya ko babban yatsa kawai suka turo. Sauran 116 shiru kake ji. Abin da ya fi ba ni haushi, amsoshin ma a waya huɗu suke: tawa, ta amarya, ta Umma, da ta ƙanin ango. Umma kuma idan an kira ta ba ta rubutawa, sai da daddare ta ce min "wance ta ce za ta zo", in tambaye ta da mutum nawa, ta ce ita ba ta tambaya ba, abin kunya ne.

Yanzu wane adadi zan ba mai girki?

Gwaggon Yara:
Wa alaikumus salam 'yata. Umman taku tana da gaskiya. Ki gayyaci mutum sannan ki bi shi da waya kina cewa za ka zo ko ba za ka zo ba, ku nawa ne? Kamar kina ƙirga masa loma ne tun bai zauna ba. Baƙonka annabinka. A dafa da yawa kawai, wanda ya zo ya ci, abin da ya ragu a ba mabuƙata. Ni na aurar da 'ya'ya huɗu ban taɓa riƙe takardar suna ba.

Yayar Amarya:
Gwaggo, abinci ba shi ne babbar damuwata ba, kujera ce. Idan mutum 350 suka zo, 50 a ina za su zauna? Masu gadin wurin idan an cika rufe ƙofa suke yi, kuma ba su san wace ce ƙanwar Baba ba.

Mai Tsara Biki:
Yaya, sannu da fama. Wannan aikina ne, bari in faɗa miki abin da zan yi idan ni ce a wurinki, daga daren yau.

Kafin ki kira kowa, ki fara kashe matsalar waya huɗun nan. Takarda ɗaya, a hannun mutum ɗaya, kuma ke ce. Duk wanda aka ba amsa, ko Umma ce, ya turo miki a ranar. Mafi yawan rikicin da nake gani ba daga baƙi yake tasowa ba, daga cikin gida ne. Amarya ta rubuta ƙawarta, ke ma kin rubuta ta da wani sunan da ake kiranta da shi a makaranta, sai ta zama mutum biyu. Ko kuma kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya rubuta, sai ta zama ba kowa.

Sannan ki daina ƙirga kati, ki koma ƙirga kai. Kati 180 ba mutum 180 ba ne. Katin da aka rubuta "da iyali" yana iya zuwa da mutum biyu, yana iya zuwa da tara. A takardar ki yi gurbi shida: lambar kati, suna, ɓangaren amarya ko ango, lambar waya, manya nawa, yara nawa. Ki ƙara na bakwai ƙarami, ki rubuta wanda ya yi magana da su da ranar da aka yi. Wannan na ƙarshen shi ne mai raba gardama idan wani ya ce ba a neme shi ba.

Waɗancan 31 masu "Allah ya sanya alheri" kuwa, addu'a suka yi muku, kuma mun gode, amma ba su amsa tambaya ba. Ki haɗa su da masu shiru da masu babban yatsa. A lissafina mutum 158 za ki nema.

Gwaggon Yara:
Ai shiru ma magana ce, 'yar nan.

Mai Tsara Biki:
Magana ce Gwaggo, sai dai ba a san me ta ce ba. Na ga mai shirun da bai zo ba, na kuma ga mai shirun da ya zo da mota cike.

Angon Bara:
Bari in ba ku labarina don kada wani ya maimaita. Ni wayo na yi, na buɗe rukunin WhatsApp na zuba duk waɗanda na gayyata, na saka ƙuri'a: zan zo, ba zan zo ba. Abin da ban lura ba shi ne a rukuni kowa yana ganin abin da kowa ya zaɓa. To wa zai danna "ba zan zo ba" surukaina suna kallo? Kusan kowa ya danna zan zo. Ranar biki ina zaune a sama ina kallon tebur uku babu kowa, an jera faranti da cokali, an naɗe tsumman goge hannu kamar fure, har aka tashi ba wanda ya taɓa su. Kuma na biya kuɗin kowace kujera.

Ga kuma wani abin da ya biyo baya. Lambobin mutane duk sun bayyana ga juna, wata 'yar'uwar matata ta kira ni tana faɗa wai wani a cikin abokaina ya dame ta da saƙo. Ina cikin hidima ina ba da haƙuri.

Ɗan Kwamfuta:
Ango, kuskuren shi ne rukunin. A WhatsApp akwai hanyar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa amma kowa ya same shi shi kaɗai, amsarsa ma ta dawo maka kai kaɗai. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, ya ishi Yaya. Sai dai akwai tarko: saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa. Dangin ango da yawa ba su da lambarki, Yaya, don haka nasu ƙanin ango ne zai tura.

Ki kuma riƙa duba alamar da ke gefen saƙo. Ɗaya na nufin ya bar wayarki amma bai shiga tasu ba. Biyu, ya shiga. Idan sun zama shuɗi an buɗe, amma mutum yana iya kashe shuɗin, don haka kar ki yi fushi da wanda nasa bai canza launi ba. Wanda ya kwana biyu a alama ɗaya, mai yiwuwa ya canza layi ko ba shi da data, ba shariya ba ce. Shi kira ake yi.

Idan kina so ki huta da kwafa da hannu, ki yi fom a Google Forms, kyauta ne. Tambaya huɗu ta isa: lambar kati, suna, za ku zo ko a'a, mutum nawa. Ki sa kowacce ta zama dole, ta ƙarshen kuma ki sa ta karɓi lamba kawai, don kada a rubuta miki "ni da yara". Ki haɗa fom ɗin da Google Sheets, wato takardar lissafi ta Google mai layi-layi, duk amsar da ta shigo za ta faɗa layinta da kwanan wata. Ranar da wa'adi ya cika akwai maɓallin daina karɓar amsa.

Abu ɗaya: kar ki kunna zaɓin "amsa ɗaya kawai ga kowa". Yana tilasta wa mutum shiga asusunsa na Google, kuma nan ne rabin mutane za su ajiye wayar. Gara ki samu wasu sun cika sau biyu ki goge ɗaya.

Mai Girkin Taro:
Fom ɗin yana da kyau amma adireshinsa yawo yake yi. An taɓa kawo min adadi ya haura kujerun zaure, uwar biki ta rikice, da aka bi sunayen sai ga mutane sun fi ashirin da ba wanda ya san su. Wani ne ya tura adireshin a rukunin abokansa, 'yan gayyar soɗi suka cike abinsu cikin ladabi, har da adadin yara.

Ɗan Kwamfuta:
Shi ya sa na ce lambar kati, Anti. Wanda ba shi da kati ba shi da lamba. Idan lamba 47 ta fito sau uku da suna uku, kin san inda aka yoyo.

Yayar Amarya:
Katinmu ba mu sa masa lamba ba, kuma an riga an raba.

Mai Tsara Biki:
Ba komai, ki ba su lambar a takardarki, ki rubuta wa kowa tasa a cikin saƙo. Masu shirin buga kati nan gaba su dai su ji: a rubuta ƙaramar lamba da fensir a bayan kowane kati kafin a raba. A ƙasashen da ake haɗa katin gayyata da ƙaramin katin amsa a mayar ta gidan waya, tsohuwar dabara ce, saboda mutane suna cike katin su manta ba su rubuta sunansu ba.

Tun da an zo nan, bari in taɓa haruffan nan huɗu da ake bugawa a ƙasan kati, RSVP. Faransanci ne, répondez s'il vous plaît, wato don Allah a ba da amsa. Mutane da yawa suna ganinsu sama da lambobin waya su ɗauka lambar tambayar kwatance ce idan an ɓata. To idan baƙo bai san an tambaye shi ba, laifin wa? Ni yanzu cewa nake a cire su, a rubuta da harshen da baƙin suke ji: a sanar da mu mutum nawa za su zo kafin ranar kaza, a wannan lambar. Lamba ɗaya, ba huɗu ba. Yaya, a naku katin akwai ranar ƙarshe?

Yayar Amarya:
Babu wallahi. "A sanar da mu" kawai muka rubuta.

Mai Tsara Biki:
To kin gani. Mutum 116 ɗin nan ba su makara ba a wurinsu, tunda ba a ba su rana ba. Wanda ya saba sai ya tura kati sati shida zuwa takwas kafin biki, ya sa wa'adin amsa sati uku ko huɗu kafin ranar, don ya samu sati guda na bin waɗanda suka yi shiru kafin mai girki ta nema. Ke yanzu ba ki da wannan sararin. Ki ba su kwana 4, ki bar wa kanki 5 na kira.

Gwaggon Yara:
Duk na ji ku, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ba hadisi ne ya ce abincin mutum biyu yana isar uku ba? Ina albarka ta tafi? Komai sai lamba, komai sai fom, kamar za a shiga jirgi.

Ɗalibin Ilimi:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira: abincin biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Amma akwai wani a littattafan nan biyu da ya fi kusa da matsalar Yaya. Abu Mas'ud al-Ansari ya ba da labarin wani sahabi, Abu Shu'aib, da ya sa aka yi masa abincin mutum biyar, ya gayyaci Annabi (SAW) a matsayin na biyar ɗinsu. Sai wani mutum ya biyo su. Da suka isa, Annabi (SAW) ya gaya wa mai gida cewa wannan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini, in ka so ya koma. Mai gida ya ce ya yi masa izini.

Ki duba, Gwaggo. Mai gida ya ƙirga, biyar ya ce, ba a kuma zarge shi da rowa ba. Ƙarin mutum ɗaya tak, sai da aka nema masa izini a bakin ƙofa. Karamcin ya zo ne daga mai gida bayan an tambaye shi, ba a ɗora masa ba.

Ta ɓangaren baƙo kuma, amsa gayyata tana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma game da walima hadisin Ibn Umar ya ce wanda aka gayyata ya je. Mai uzuri yana da uzurinsa, amma ni a fahimtata barin mutum cikin duhu, ya biya maka kujera kai kuma ka san ba za ka je ba, ba ya cikin kyautatawa.

Gwaggon Yara:
Malam, na karɓi wannan, ban san shi ba. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: babba ba a tura masa fom. Yayan mahaifinki ki aika masa adireshi ya latsa? Zumunci a ƙafa yake. Idan ba za a je ba, a kira, a gaishe shi, a tambayi jiki, sannan a zo kan maganar.

Mai Tsara Biki:
Nan kam ina bayanki ɗari bisa ɗari, Gwaggo. Fom na abokan makaranta ne da abokan aiki. Manya kira, kuma ba Yaya ce za ta kira su ba, Umma ce. Abin da ke ba Umma kunya shi ne sigar tambayar, to a canza ta. Kar a ce "za ku zo?". A ce: "Muna tsara wurin zama ne, muna so mu ajiye muku wuri mai kyau a gaba, kujera nawa za mu ware muku?" Magana ɗaya ce, amma ta farko tana jin kamar tuhuma, ta biyu girmamawa ce. Yaya ki zauna kusa da ita da takarda, tana kira kina rubutawa.

Mai Yawan Mantuwa:
Ni bari in yi magana a madadin masu laifi, don ina cikinsu. Yanzu haka akwai kati biyu a kan firij ɗina ban amsa ba. Ba raini ba ne. Ɗaya ina jiran in ga ko za a ba ni hutu a wurin aiki. Ɗayan na san ba zan je ba, amma nauyin faɗa nake ji, kullum sai in ce gobe. Abin da ke sa in amsa nan take shi ne idan mai gayyata ya sauƙaƙa min cewa a'a. Wata ta taɓa rubuto min: "Idan ba za ki samu dama ba wallahi ba komai, ki dai gaya min don in san lissafina." Ko minti biyu ban yi ba na amsa.

Angon Bara:
Wannan gaskiya ne. Da na ba mutane ƙofar fita a ɓoye, da tebur ukun nan ba su kwana babu kowa ba.

Mai Girkin Taro:
Bari in faɗi dalilin da muke matsa wa mutane kan kwana 10, don wasu suna ɗauka iko ne. Daga adadin nan nake sanin kayan da zan sayo, ma'aikata nawa zan ɗauka, faranti da kofi nawa zan yi haya. Bayan na sayo, ragi ba ya yiwuwa, kuɗin ya riga ya fita. Ƙari kaɗan yana yiwuwa idan an faɗa min da kwana biyu ko uku. Don haka, Yaya, kar ki ba ta adadi mai kumburi don tsoro. Ki ba ta na gaskiya da ɗan ƙari, ki tambaye ta tun yanzu: har zuwa yaushe zan iya ƙarawa, kuma mutum nawa? Ta rubuta miki a saƙo, kar ki yarda da baki.

Kuma kullum ana manta mutanen da ba su da kati amma suna da ciki: mai hoto da yaronsa, mai bidiyo, mai gabatarwa, direbobi. Har amarya da ango na ga an manta a lissafi. Yara kuma ki tambayi masu zaure daga shekara nawa suke ƙirga yaro a matsayin kujera, kowane wuri da nasa.

Ɗan Kwamfuta:
Idan ana so a ƙure, ana iya ba kowa lambar QR, wannan zane mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, a duba a ƙofa. Wani kamfanin Japan, Denso Wave, ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, yanzu ga ta a katin biki.

Gwaggon Yara:
Ɗana, mu ba kayan mota ba ne. A tsayar da mutum biyu a ƙofa, ɗaya daga dangin amarya ɗaya daga na ango, waɗanda suka san fuska. Ya fi wannan zanen naka.

Ɗan Kwamfuta:
Na sallama, Gwaggo.

Yayar Amarya:
Na dawo da rahoto, yau kwana 7 da fara maganar nan. Na gode muku duka.

Saƙon da na tura shi ne: "Muna tsara wurin zama na bikin. Don Allah a gaya min mutum nawa za mu ajiye wa kujera kafin ranar Alhamis. Idan ba za a samu zuwa ba babu komai, a dai sanar da ni." Manya 40 Umma ta kira, na zauna gefenta kwana biyu. Kiran farko sai da ta yi minti 25 ana gaisuwa, na ƙarshe ta ƙware har tana cewa "da jikokin ko ban da su?"

Ga yadda aka tsaya. Kati 121 za su zo, jimlar mutum 268. Kati 38 ba za su zo ba, kuma abin mamaki 14 daga cikinsu masu "Allah ya sanya alheri" ne, da na ɗauka duk masu zuwa ne. Kati 21 har yanzu ba mu same su ba, wasu wayar a kashe, wasu tana shiga ba a ɗauka. Ma'aikata da amarya da ango mutum 9, ya zama 277. Saura kujera 23, ga kati 21 a sama. Idan kowannensu ya zo da mutum ɗaya, 42 kenan, mun haura.

Jibi zan ba mai girki adadi. 277, 290, ko in cike 300?

Mai Girkin Taro:
290, tare da alƙawarin ƙarin 10 a rubuce. A cikin 268 ɗin ma wasu ba za su zo ba, ciwo da tafiya ba sa sallama.

Mai Tsara Biki:
Na yarda da 290. Kati 21 ɗin ki raba su biyu: waɗanda idan sun zo ba a samu wuri ba za a yi shekara ana maganar, da waɗanda za su fahimta. Na farkon ki ware musu kujera ko ba su amsa ba. Na biyun ki tura saƙo na ƙarshe mai taushi: ba mu ji daga gare ku ba, za mu ɗauka ba za a samu zuwa ba, idan akwai canji a kira ni kafin gobe da yamma.

Yayar Amarya:
Na raba. Na farkon su 6 ne, ciki har da yayar Baba da ba ta riƙe waya sam.

Gwaggon Yara:
Ita wannan ki shirya gobe da safe ki je da ƙafarki. Ki sa mata kujera huɗu tun kafin ki tafi, ba za ta zo ita kaɗai ba.